Babur ɗin Baba Ya Ƙi Tashi

Tsamiyar Kwari, ta Zakirai,
28 ga Mayu.

Zuwa ga Yaya Abdulkabir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin gareji. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi. An yi ruwan shuka shekaranjiya, na shuka gero a gonar gabas. Sai dai iskar da ta zo da ruwan ta kayar da ƙarfen sabis na kan tudu, wayoyinmu duk sun koma fitila. Ko da akwai sabis ma na san kunnenka ba ya ɗaukar magana a waya, shi ya sa na ba Khalilu direba wannan takarda, tunda yana sauke shanu a Fatakwal.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bilkisu tana da ciki, ya shiga wata na shida. Tsoro ne ya hana ni faɗa maka da wuri, ka san abin da ya same mu shekara biyu da suka wuce. Naƙuda ta zo tsakiyar damina, kwari ya cika, mota ba ta shigowa. Masu babur uku na roƙa, duk suka kafe a taɓo. Kafin in kai ga ungozomar asibiti da ƙafa in dawo da ita, yaron ya riga ya koma. Wannan karon Malama Maimunat, ita ungozomar, ta ce in wata na tara ya kama mu kai Bilkisu Bacirawa gidan Gwaggo, kusa da asibiti. Amma ta ce irin cikinta yana iya zuwa kafin lokaci, kuma in haka ta faru in zo Zakirai in ɗauko ta, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

To da me zan ɗauko ta? Duk garin nan abin hawa ɗaya ne ya taɓa ƙetare kwarin nan cikin Agusta, wato ɗan babur ɗin Baba mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora, wanda ya zaga ƙauyuka da shi yana malamin gona. Shekara huɗu ke nan tun rasuwarsa yana jingine a rumfar Inna. Na kakkaɓe shi, na zuba mai, na yi ta taka kiki har cinyata ta yi tsami, ko tari bai yi ba. Kai ne makaniki, ni malamin firamare ne. Ka rubuto mini abin da zan yi dalla-dalla, kamar kana koya wa ɗan aji ɗaya.

Ƙaninka,
Sama'ilu.

Fatakwal,
7 ga Yuni.

Sama'ilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Asiya da yara suna gaishe ku. Kunne yana nan yadda ka san shi, janareto sun cinye rabonsu. Ka gaishe da Inna da kyau. Allah ya raba Bilkisu da cikin nan lafiya. Ka yi mini laifi da ka ɓoye, amma mu bar wannan, mu yi aiki.

Da farko, ka zuba sabon mai a kan tsohon da ya shekara huɗu yana ruɓewa a tanki, sannan kana mamaki? Ka juye shi duka, ka ɗauraye tankin. Injin nan fetur yake sha gauraye da baƙin mai, kuma kwalbar awon Baba tana ɗaure a ƙarƙashin kujera, da zare ja a inda ake tsayawa. Kada ka ƙara, kada ka rage.

Na biyu, ka kwance fulogi, ka goge bakinsa, ka jingina shi da jikin inji ka taka kiki. In ka ga wuta shuɗiya, alhamdu lillahi. In ja ce mai kasala, ka canja shi.

Na uku shi ne kabireta. Ka ari babban farantin Bilkisu ka kwance ta a ciki, ba a kan rairayi ba, kuma ka kori kaji. Za ka ga ɗan ƙarfe ruwan zinariya mai huda ƙanƙanuwa, ta nan mai yake bi. Ka jiƙa shi a fetur ka hura da baki har ka hango haske. Kada ka sa allura, na san ku malamai da son gyara abu da ƙarfi. In ka mayar, ka ɗaure ɗan sukurun iska a hankali har ya tsaya, sannan ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Na zana maka komai a bayan takardar nan.

Ka ce babur ɗin Baba, sai na ji wani iri. Ka tuna tun daga tsamiya muke jin kukansa, mu watsar da wasa mu ruga mu ɗauki allo? Yau shekara shida rabona da in ji kukan inji da kunnena. Tafin hannu nake ɗorawa in ji lafiyarsa. Na saba, amma wani lokaci abin yana damuna.

Yayanka,
Abdulkabir.

Tsamiyar Kwari,
24 ga Yuni.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, an gama noman farko, Bilkisu ƙafa ta ɗan kumbura amma Malama Maimunat ta ce ba komai.

Na bi takardarka layi-layi. Na wanke tanki, na sa sabon fulogi, wuta shuɗiya shar. Kabireta ta ci mini yini biyu, domin wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ya yi tsalle daga faranti, na tashi gidan nan kaf muna nema, ashe yana cikin aljihun rigata. Na mayar da komai, na auna mai da kwalbar Baba, na yi bisimilla na taka. Yaya, ya tashi! Sai da hawaye ya zo mini. Amma ban gama murna ba ya mutu. Haka yake yi har yau: ya tashi, in ƙirga biyar ko shida, ya shaƙe kamar an riƙe masa wuya. In na murɗa totur ma sai ya fi saurin mutuwa. Na sake kwance kabireta sau uku, yanzu ko ido rufe zan haɗa ta.

Ga kuma Inna, wadda ban gane mata ba. Tun da na fara aikin nan ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a bayan babur, nan take ɓarar gyaɗa, nan take lazimi. Ta yafa wa bayansa tsohon bargon Baba, in na kai hannu zan janye sai ta ce, "Kai dai yi aikinka a gaba, me ka ajiye a nan?" Duk sanda ya tashi sai ta dafe ƙirji tana salati. Na ce zan tura shi Zakirai wurin makaniki, ta ce muddin tana numfashi babur ɗin nan ba zai bar rumfarta ba. Ita ce fa ta fi kowa kuka ranar da muka binne yaron nan. Raina ya ɓaci, na haƙura ne kawai don uwa ce.

Ruwa yana ƙaruwa, kwari ya fara riƙe ruwa. Ka taimaka.

Sama'ilu.

Fatakwal,
5 ga Yuli.

Sama'ilu,

Muna lafiya, ina fatan kuna haka. Ka yi wa Bilkisu sannu.

Maganar Inna, ka yi haƙuri da ita. Kewar Baba ce. Shekara arba'in tana jin kukan babur ɗin nan yana dawo mata da miji, yau ta ji kukan babu mai shi. Ka bar mata bargonta.

Inji kuwa, abin da ka kwatanta ɗaya ne cikin biyu: ko ringin fistin ya cinye, ko hayaƙi ba ya samun hanyar fita. Ka fara da mai sauƙi. In ya tashi, a sa tafin hannu a bakin salansa. In yana bugun hannu da ƙarfi, fat-fat-fat, to hanya a buɗe take, sai ka kwance kan inji ka canja ringi. Na ba Khalilu sabon ringi da gaskit. In kuma iskar ba ta fita sosai, kada ka taɓa inji, salansa ce. Ka yi wannan gwajin kafin komai. Na san hannun da ya saba da alli ba lallai ya ji bambanci ba, amma ka gwada.

Yayanka,
Abdulkabir.

Tsamiyar Kwari,
27 ga Yuli.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ni ce Bilkisu. Ka yi haƙuri, ban taɓa rubuta maka ba, kuma da kunya nake yi. Ina gaishe ka da Anti Asiya da yara. Jikina da sauƙi, sai nauyi.

Malam bai san na rubuto ba. Maganar alli ta yi masa zafi, ya ce ba zai sake damunka ba sai babur ya tashi. Ya canja ringi, ya ƙuje yatsunsa duka, kuma babu abin da ya canja. Ya rame, Yaya. In hadari ya haɗo sai ya fita ya tsaya yana kallon hanyar kwari.

Gwajin da ka ce a yi, an yi, amma ba shi ya sa hannu ba. Babur ɗin yana mutuwa kafin ya sauko ya zagaya, don haka ya roƙi Inna ta tara hannu tunda tana zaune a wurin. Ya taka, ya ce, "Inna, yana hurawa?" Ta ce, "Yana yi." Ina tsaye a ƙofar ɗaki, ko gefen bargon bai motsa ba.

Da ya tafi makaranta na tambaye ta. Sai ta ɗaga bargon ta nuna mini. Zanzaro ne ya yi gini a cikin salansa, ya cika bakin da laka har ciki. Ta ce tun watan da na fara amai ta ga yana shiga yana fita da ƙasa a baki, ta san gini ya yi wa cikin nan. Ta ce a gidansu ba a fasa ɗakin zanzaro in da mai ciki a gida. Wancan karon ma ya yi gini a kusurwar ɗakina, Malam ya sa tsintsiya ya kakkaɓe yana cewa ƙazanta ce, ba a yi sati ba abin da ya faru ya faru. Ta ce, "In na faɗa masa zai ce camfi ne, ya jawo mini aya, ya sa ƙusa ya tsokale. Ni kuma ba zan iya sake wanke wani jaririn in ba su su kai ba." Ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa masa ba. Ban yi alkawarin ba zan faɗa maka ba.

Yaya, na yi islamiyya, na san rai da mutuwa na Allah ne. Amma in ka ce mini in sa hannuna in fasa ginin nan, wallahi ba zan iya ba. In kuma aka bar shi, babur ba zai tashi ba. Kullum da wannan nake kwana nake tashi. Sati huɗu ya rage mu tafi Bacirawa. Ka duba mana.

Ƙanwarka,
Bilkisu.

Fatakwal,
6 ga Agusta.

Sama'ilu,

Lafiya muke. Ka karanta wannan a zaune, kuma kada ka ɗaga wa kowa murya in ka gama.

Da farko na janye maganar alli. Wanda ya canja ringi shi kaɗai da zanen takarda ya wuce a yi masa wannan wasan. Na biyu, ni ne na yi kuskure a kan Inna. Ba kewa ba ce, gadi take yi. Zanzaro ya toshe salansa da gini, ita kuma tana tsoron in aka fasa wani abu zai sami cikin Bilkisu. Kada ka tambaye ni wa ya faɗa mini. Kada kuma ka tsaya yi mata wa'azi, tsohuwar da ta riƙe gawar jikanta ba wa'azi take nema ba.

Ba sai an fasa komai ba. Ƙarshen salansar noti biyu ne ke riƙe da shi, ɗaya a ƙarƙashin kujera, ɗaya a mahaɗa. Sifana mai lamba goma sha biyu. Ka cire shi ɗungurum da gininsa, ka miƙa mata da hannu biyu ta ajiye inda take so. Ga wata salansar na naɗe a buhu na ba Khalilu, ka ɗaura. Ka rubuto mini ranar da ta iso.

Abdulkabir.

Fatakwal,
19 ga Agusta.

Sama'ilu,

Kwana goma sha uku babu amsa. An ce mini motar Khalilu ta lalace a hanya, ban san ko takardata ta iso ba. Na sa Asiya ta yi ta kiran wayarka, ba ta shiga. Jiya na ɗaure noti ɗaya sau uku a motar mutane. Wannan na ba wani mai albasa ne, ko za ta riga waccan. Ku cire ƙarshen salansa, zanzaro ne a ciki, kada ku fasa. Don Allah ko layi ɗaya ne a aiko mini.

Abdulkabir.

Tsamiyar Kwari,
27 ga Agusta.

Yaya,

Assalamu alaikum. Kwantar da hankalinka: mace ce, tana lafiya, uwarta tana lafiya. An yi suna, Maryam. Yanzu sai ka karanta sauran a natse.

Takardunka biyu da salansar duk rana ɗaya suka iso, kwana takwas bayan komai ya wuce. Ranar sha huɗu ga wata aka wayi gari da ruwa, tun asuba har hantsi bai ɗauke ba. Ina shirin fita duba gona Bilkisu ta kira ni, na ga fuskarta, na san zancen Bacirawa ya ƙare. Yaya, ban san sanda na isa rumfa ba. Na hau babur na yi ta taka kiki kamar mahaukaci, ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu. Na sauko zan kama hanya da ƙafa, irin ta wancan karon.

Sai ga Inna ta fito daga ɗakin Bilkisu da mazarinta na kaɗi a hannu. Ta janye bargon Baba da kanta, ta durƙusa a bayan babur. Ta ce, "Ni na hana shi tashi. Ɗakin zanzaro ne a ciki, na yi maka ƙarya. Ka matsa, ni zan fasa, in da wani abu ya hau kaina." Ta kai mazarin yana ta bugun ƙarfe, hawaye yana zuba, tana neman bakin ramin ba ta gani.

Da wata rana ce da na yi faɗa, wata uku ina wahala. Amma na dubi tsohuwar nan za ta yi abin da ta fi tsoro a duniya saboda matata, sai na riƙe hannunta. Na leƙa na ga lakar, na bi salansar da ido na ga noti biyu ne kawai. Wata ukun nan ba su tafi a banza ba, hannuna da kansa ya ɗauko sifana sha biyu. Na cire ta ɗungurum na ɗora mata a cinya, na ce, "Inna, riƙe mini ɗakinsa, ko ƙura ba ta zuba ba."

Na taka sau ɗaya. Yaya, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba! Awaki suka tsinke igiya, jakin maƙwabta ya yi daji, liman ya ce ya ɗauka jirgi ne ya faɗo. Na shiga kwari ruwa har gwiwa, tayoyin nan suka kama ƙasa, ya haye kamar ba shekara huɗu ya yi a kwance ba. Malama Maimunat ta ce tun ina wajen gonakin rake ta ji ni, ta ce wannan gudu da wannan ƙara ba na lafiya ba ne, ta ɗauki jakarta. Na same ta a bakin ƙofa a shirye. Ko kashe inji ban yi ba.

Yarinyar ta zo da igiyar cibiya naɗe a wuya, ba ta yi kuka ba. Malama ta yi ta fama da ita, ni ina waje na kifa kai a bango. Sai na ji 'yar murya. Malama ta ce da mun ƙara rabin awa da labari ya bambanta. Na zauna a taɓo na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Tsohuwar salansa tana rataye a ɗakin Inna, sama da gadonta. Ita ta ce ginin da ba a fasa ba ne, ni na ce ikon Allah ne da hannun Malama, ta ce ai ba ta musa ba. Mun bar shi a haka. Bilkisu ta faɗa mini ita ta rubuto maka, na ce ta kyauta. Inna ta ce a gaya wa na Fatakwal ya zo ya ga 'yarsa kafin arba'in.

Sabuwar salansa tana nan cikin buhunta, ban ɗaura ba. Mai unguwa ya yi mini magana kan ƙarar sau biyu, na ba shi haƙuri, na ce akwai wanda nake jira. Ka aiko Khalilu ya faɗa mini ranar da za ka sauka a Zakirai, ni zan zo in ɗauke ka. Ka ce shekara shida rabonka da jin kukan inji. Wannan za ka ji shi, Yaya, tun daga tsamiya. In ka ji ya ishe ka, sai ka ɗaura masa salansar da hannunka.

Ƙaninka,
Sama'ilu.